Aikin soja na dole da hidimar farar hula a Finland: tambayoyi da amsoshi

Finland na cikin ƙasashen Turai ƙalilan da ba su taɓa daina ɗibar samari aikin soja na dole ba, har a shekarun da Faransa da Italiya da Sifaniya, daga baya kuma Suwidin da Jamus, suka ajiye nasu. Dokar ƙasar ta bar wa wanda aƙidarsa ta hana shi ɗaukar makami wata hanya, wato hidimar farar hula. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda samari da iyayensu suka fi yi, musamman baƙin da suka karɓi takardar zama ɗan ƙasa ko aka haifa musu 'ya'ya a can.

Wa dokar ta hau kansa?

Duk namijin da yake ɗan ƙasar Finland, daga farkon shekarar da zai cika 18. Sashe na 127 na kundin tsarin mulki ya wajabta wa kowane ɗan ƙasa sa hannu a tsaron ƙasa, sai dokar aikin soja ta 2007 ta fayyace cewa maza ake tilastawa. Addini, launin fata, ko garin da iyaye suka fito ba sa shiga lissafi. Yaron da mahaifiyarsa 'yar Finland ce, mahaifinsa Bakano ko Badamagare, sunansa na cikin jerin kamar na kowa. Haka wanda ya zo da girmansa ya nemi zama ɗan ƙasa, aka ba shi kafin ya cika 30: wasiƙar sojoji na biyo bayan fasfo, kuma da yawa ba sa tsammaninta.

Baƙon da ke zaune da izinin zama kawai, ko da na dindindin ne, babu ruwansa da wannan doka. 'Yan asalin tsibiran Åland ma an ɗauke musu, domin yankinsu na cin gashin kansa ne kuma yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta hana girke soja a can tun 1856.

Me ƙasa mai arziki da zaman lafiya take yi da aikin soja na dole?

Amsar tana kan taswira. Finland na da iyakar kilomita 1,340 da Rasha, mutanenta kuwa kusan miliyan 5.6 ne. A Nuwamba 1939 Tarayyar Sobiyet ta auka mata, aka gwabza cikin tsananin sanyi har Maris 1940, ta tsira da 'yancinta amma ta rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta. Ƙasa mai wannan yawan jama'a ba za ta iya biyan albashin sojojin da za su tsare irin wannan iyaka ba. Sai ta zaɓi ta horar da samari fiye da 20,000 kowace shekara, ta sallame su su koma karatu da sana'a, sunayensu na rubuce. Rundunar da aka tsara tarawa in yaƙi ya tashi mutum 280,000 ce, waɗanda ke cikin ajiya gaba ɗaya kuma sun kusa 870,000. Shigar ƙasar ƙungiyar NATO a Afrilu 2023 bai sauya komai a wannan tsari ba. Maƙwabtan da suka soke nasu ne ma suka dawo da shi: Lituweniya a 2015, Suwidin a 2017, Latbiya a 2023.

Yaya kiran yake zuwa, kuma me ake yi ranar?

Abin na farawa ne a watannin farko na shekarar da yaro zai cika 18. Wasiƙa na zuwa gida ɗauke da takardar tambayoyi kan lafiya, karatu, wasanni da irin rundunar da yake sha'awa. Daga nan ya je gwajin lafiya na farko a asibitin unguwa ko wurin ma'aikatan lafiya na makarantarsu.

Ranar tantancewa kuwa tana faɗowa tsakanin Agusta da Disamba, a ƙaramar hukumar da mutum yake da rajista. Yini ɗaya ne. Ana zuwa da katin shaida, da takardun likita in akwai wata lalura, da shaidar makaranta ga mai neman a ɗaga masa. Za a yi wa taron bayani, likita ya ga kowa, sannan a shiga gaban kwamiti ɗaya bayan ɗaya. A kwamitin akwai hafsoshin soja da wakilin ƙaramar hukuma. Mutum na fitowa da ɗaya daga cikin uku: an ba shi bariki da ranar shiga, ko an ɗaga masa, ko an ɗauke masa. Ana ɗibar kurata sau biyu a shekara, a Janairu da Yuli, yawanci mutum na da shekara 19 ko 20. Mai son runduna ta musamman, irin masu dirowa da laima ko masu nutso a teku, sai ya cika takarda daban ya zauna jarrabawa.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a wannan mataki. Na farko, iyali su sauya gida ba su sabunta adireshi ba, wasiƙa ta tafi tsohon gida, yaro ya wayi gari da laifin ƙin amsa kira. Rashin zuwa ba tare da uzuri ba laifi ne da ake cin tara a kai, kuma 'yan sanda na iya zuwa su taho da mutum. Na biyu, ɓoye ciwo don kunya ko don son shiga. Ciwon gwiwa, asma, ko matsalar damuwa da aka ɓoye wa likita sukan bayyana a makonnin farko na bariki, a mayar da mutum gida bayan ya riga ya ajiye aiki ko zangon karatu.

Wane irin hukunci likita ke yankewa?

Ana sa mutum a aji. Ajin A ya dace da kowane aiki. Ajin B zai yi aikin amma da sassauci, misali a ofis, sito ko wurin gyaran motoci. Ajin C an ɗauke masa a lokacin zaman lafiya. Ajin E an ɗaga masa na wani lokaci, ya dawo a sake dubawa, kuma a nan ake sa wanda aka yi wa aiki bai gama warkewa ba ko mai ƙiba da ta yi yawa. Waɗannan azuzuwa suna aiki a kan mai hidimar farar hula ma. Wanda aka sa a C ba a bin sa bashin komai, ba soja ba, ba hidima ba. Suwizalan ta bambanta a nan, domin a can wanda bai yi aikin ba yana biyan harajin kashi 3 cikin 100 na kuɗin shigarsa, mafi ƙaranci faran 400 a shekara, har tsawon shekara 11.

Kwana nawa ake yi a bariki?

Kwana 165, ko 255, ko 347, kuma ba kurtu ke zaɓa ba. Sojan ƙasa na gama-gari yana yin 165. Masu aikin da ke buƙatar ƙarin horo, kamar 'yan sandan soja da masu ba da agajin jinya a fagen daga, suna yin 255. Waɗanda aka zaɓa su zama ƙananan shugabanni ko hafsoshin ajiya, da masu ayyuka mafi wuya irin direbobin manyan motoci da dama, suna yin 347.

Horon a matakai yake, kowanne mako shida. A na farko kowa na koyon abu ɗaya: bindiga, tafiya da kaya a baya, kwana a daji cikin tanti mai murhu a tsakiya, wanda ake yin karɓa-karɓa wajen iza masa itace har gari ya waye. Ana gwada ƙarfin jiki da gudun minti 12 a ga mita nawa mutum zai ci. A wannan lokacin ne shugabanni ke lura da kowa su raba ayyuka, suna duba son mutum, da sakamakon gwaje-gwaje, da buƙatar rundunar. Saurayin da ya shiga da lissafin wata biyar da rabi, in aka ga yana da kai da jiki, yana iya samun kansa a kwas ɗin shugabanci na kusan shekara guda. Mai shirin komawa jami'a ko ɗaura aure ya sa wannan a lissafi tun kafin ya sa rana.

Yawancin ƙarshen mako ana sakin kurata su je gida, kuma gwamnati ke biyan kuɗin jirgin ƙasa ko bas. Akwai wata tsohuwar al'ada ta ƙidayar kwanaki: kurtu ya sayi matajin roba, kowace safiya ya karya haƙori ɗaya, har ranar da matajin zai zama fayau.

Ina tsakiyar karatu. Za a jira ni?

Za a jira, in ka nema a rubuce kafin ranar shiga. Ana ɗagawa saboda karatu, koyon sana'a, ko wani nauyin iyali da na kuɗi da ba zai jira ba. Amma ɗagawa ba yafewa ba ce, kuma tana da iyaka: ba a kai mutum har ya kusa 30 ana ɗaga masa. Wajibcin shiga yana faɗuwa ne a ƙarshen shekarar da mutum ya cika 30. Don kada wani ya fice ƙasa ya jira shekarun su wuce, namijin da ke tsakanin 28 da 30 ana iya hana shi fasfo sai ya nuna shaidar cewa ya gama, ko an ɗauke masa, ko hukumar soja ta amince.

Aƙidata ta hana ni ɗaukar makami. Mece ce hanyata?

Hanya biyu ce, kuma mutane na yawan gauraya su.

Ta farko ita ce aikin soja ba tare da makami ba. Mutum soja ne, yana sa kaki, yana kwana a bariki, yana bin umarnin hafsoshi, sai dai ba a ba shi bindiga ko harsashi, ba a kuma koya masa amfani da su. Kwana 255 ne ko 347. Kaɗan ne ke bin wannan.

Ta biyu ita ce hidimar farar hula, wadda ba ta ƙarƙashin ma'aikatar tsaro sam. Ma'aikatar harkokin tattalin arziki da ƙwadago ce ke kula da ita. Kwana 347 ce ga kowa. Ana nema da takarda ɗaya da ake cikewa, mutum ya sa hannu cewa dalilai masu nauyi na aƙida, na addini ne ko na ɗabi'a, sun hana shi aikin soja. Ana iya miƙa ta ga kwamiti ranar tantancewa, ko ga ofishin soja na yanki bayan haka. Kafin ranar tantancewa ba a karɓa. Kimanin mutum 2,000 ne ke bin wannan hanya a shekara.

Ba wanda zai titsiye ni kan dalilin nawa?

A lokacin zaman lafiya, babu. Tun 1987 aka daina zaunar da samari gaban kwamitin binciken aƙida. In takardar ta cika daidai, dole a amince, ba a tambayar wane masallaci ko coci mutum yake zuwa, ba a neman shaida.

Ba haka abin ya faro ba. Dokar farko ta hidimar farar hula ta fito a 1931, bayan shari'ar wani mai ƙin yaƙi, Arndt Pekurinen, wanda aka yi ta ɗaurewa saboda ya ƙi sa kaki, har sanannun mutane daga ƙasashen waje suka sa baki. Sai dai dokar ta lokacin zaman lafiya ce kawai. Da yaƙi ya dawo aka kai shi bakin daga, ya ƙi karɓar bindiga, aka harbe shi a Nuwamba 1941. Dokar hidimar farar hula ta 2007 ta toshe wannan giɓi: wanda ya riga ya zama mai hidimar farar hula ba za a tura shi yaƙi ba ko an shiga halin yaƙi, sai dai a sa shi aikin ceto, kashe gobara, ko kula da mafakar jama'a. Amma wanda ya jira sai an fara tara sojoji sannan ya miƙa takarda, shi kam za a binciki aƙidarsa gaban kwamiti na musamman.

Yaya hidimar take gudana a aikace?

Kowa na farawa da horon kwana 28 a cibiyar hidimar farar hula da ke Lapinjärvi, wani ƙaramin gari a gabas da Helsinki. Babu fareti, babu kaki, babu sara wa kowa. Ana koyar da agajin gaggawa, kashe gobara, kare fararen hula lokacin bala'i, hana tashin hankali, da kare muhalli, har da yadda ake kwashe man da ya malala a gaɓar teku. Sauran kwana 319 a wurin aiki ake yin su.

A nan ne wahalar take, kuma ita ce abin da masu nema suka fi rainawa: mutum ne zai nemo wa kansa wurin. Ba a tura kowa kamar yadda ake tura ɗan bautar ƙasa a Najeriya da takarda a hannu. Akwai jerin wuraren da aka amince da su, wato ma'aikatun gwamnati, ƙananan hukumomi, asibitoci, gidajen kula da tsofaffi, makarantu, jami'o'i, ɗakunan karatu, gidajen tarihi, majami'u da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba. Kamfanin kasuwanci, jam'iyyar siyasa da ƙungiyar ƙwadago ba sa ciki. Mutum zai rubuta takardar neman aiki, a kira shi ganawa, a ɗauke shi ko a ƙi, tamkar neman aikin albashi.

Dalilin da ya sa wuraren ke tsantseni shi ne su ke ɗaukar nauyi. Wurin da ya karɓi mai hidima shi zai biya alawus ɗinsa na kullum, abincinsa, masaukinsa, kuɗin asibitinsa da na zirga-zirga. Ɗakin karatu na ƙaramin gari da kasafinsa bai taka kara ya karya ba zai yi tunani sau biyu. Shi ya sa mai wata ƙwarewa a hannu, kamar gyaran kwamfuta, kula da yara, tuƙi, ko jin wani harshe da baƙin unguwar ke yi, yake samun wuri da wuri, wanda ya fito sakandare hannu rabbana kuma ba ya jin harshen Finland sosai yake shan wuya. A Helsinki da Tampere da Turku wurare sun fi yawa, amma masu nema ma sun fi yawa.

Wanda kwana 28 suka ƙare bai samu wuri ba, a cibiyar zai ci gaba da zama yana shara, aikin kicin da gyare-gyare, yana kuma ci gaba da nema, nesa da gida. Shawarar da ta fi kowace amfani ita ce a fara nema watanni kafin ranar shiga Lapinjärvi, a aika wa wurare da yawa, a je horon da yarjejeniya a hannu.

Aikin awa 36 zuwa 40 ne a mako. Akwai hutun kwana 18 na ƙashin kai, da kwana 12 ga wanda aka yi wa haihuwa. Wurin aikin ba shi da izinin biyan mai hidima albashi. Makara, fashi, ko ƙin yin aikin da aka sa mutum na jawo gargaɗi a rubuce, ƙarin awanni, yanke alawus ko rage hutu, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kuma a kai shi kotu. Wanda ya zaɓi wannan hanya don yana ganin hutu ce, ba don aƙida ba, yakan tarar an gudu ne ba a tsira ba: abokinsa da ya shiga bariki lokacin da shi ya fara hidima ya fito tun wata shida da suka wuce, shi yana nan yana juya tsofaffi a gado.

Me ya sa ta ninka ta soja tsawo? Wannan ba hukunci ba ne?

Kwana 347 ya fi ninki biyu na 165, kodayake daidai yake da mafi tsawon aikin soja. Hujjar gwamnati ita ce kurtu yana hannun hukuma dare da rana, mai hidima kuwa yana tashi aiki da yamma ya koma ɗakinsa, sannan sojan da ya gama ana iya sake kiransa atisaye shekaru da dama, mai hidima kuwa ba a kiransa. Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya bai gamsu ba, ya sha gaya wa Finland cewa tsawon ya yi kama da hukunci, a rage. An rage ɗin a baya, daga kwana 395 zuwa 362 a 2008, sannan 347 a 2013, amma ragin na 2013 ya shafi sojoji ma, saboda haka tazarar na nan.

A ganinmu, tsawon shi ne ya maye gurbin kwamitin binciken da aka soke. Hukuma ta daina tambayar abin da ke zuciyar mutum, ta koma auna shi da kwanakin da ya yarda ya bayar. Suwizalan ta faɗi haka ƙarara a 2009 lokacin da ta soke nata binciken: mai hidima zai yi ninki ɗaya da rabi, wanda a yau ya kama kwana 368 maimakon 245, kuma yardarsa da hakan ita ce shaidarsa. A Ostiriya wata 9 ne maimakon 6, kuma ana hana mai hidima lasisin bindiga na shekara 15. Koriya ta Kudu ce ta kai abin maƙura. Sai a 2020 ta fara hidimar madadin, bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 2018, kuma wata 36 ce cur ana aiki ana kwana a gidajen yari, alhali sojan ƙasa wata 18 yake yi.

Da me mutum zai rayu, kuma aikinsa fa?

Soja da mai hidima alawus ɗaya suke karɓa: 'yan Yuro kaɗan a kowace rana, har da ranakun hutu, yana ƙaruwa bayan kwana 165, ya sake ƙaruwa bayan 255. Kuɗin shayi ne da katin waya, ba na riƙe gida ba. Abin da ke riƙe gida shi ne tallafin Kela, hukumar jin daɗin jama'a ta ƙasar, wadda ke biyan hayar ɗakin wanda yake zaman kansa, da wutar lantarki, da kuɗin ciyar da mata da 'ya'ya in kuɗin shigarsu bai isa ba. Sai an nema ake bayarwa, kuma wanda ya kama haya dab da shiga don a biya masa yakan sha tambayoyi, domin ana duba tun yaushe yake a ɗakin.

Mai aiki ba shi da ikon korar ma'aikaci saboda kiran soja ko hidima. Sharaɗin shi ne a sanar da shi aƙalla wata biyu kafin tafiya, a kuma sanar da shi dawowa a kan lokaci, domin wa'adin komawa bakin aiki kwana 14 ne kacal. Gurbin jami'a ma ana ajiye wa mutum.

Na shiga bariki, sai na ga ba zan iya ba. Ƙofa ta rufe?

Ba ta rufe ba. Kurtu na iya miƙa takardar ga kwamandan rundunarsa a kowace rana, kuma da an amince ake sallamarsa. Ana cire masa kwanakin da ya riga ya yi bisa wani lissafi da ya danganta da tsawon aikin da aka yanka masa. Wanda ya gama aikin soja tuntuni ma yana iya ficewa daga ajiya ta wannan hanya, sai ya yi ɗan gajeren horon cike gurbi, galibi kwana biyar. Masu yin haka sun ƙaru ƙwarai a 2022 bayan Rasha ta mamaye Yukiren, kamar yadda masu neman shiga horon sa kai na tsaro suka ƙaru a shekarar.

Wanda ya ƙi duka biyun fa?

Kotu ce. Hukuncin a ƙayyade yake, rabin kwanakin hidimar da suka rage masa, wato kwana 173 ga wanda bai yi ko ɗaya ba. Tun 2013 da yawa suna yin zaman a gida da na'urar sa ido a ƙafa, suna fita aiki ko makaranta bisa jadawalin da aka tsara musu, ba sa wuce shi da minti. 'Yan gommai ne a shekara. Ƙungiyar Amnesty na ɗaukar waɗanda aka kulle a matsayin fursunonin aƙida.

Mabiya ɗarikar Shaidun Jehobah sun samu keɓewa ta musamman daga 1987. A Fabrairu 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta Helsinki ta wanke wani mai ƙin duka biyun, ta ce nuna bambanci ne a ɗaure shi alhali an yafe wa wasu saboda addininsu. Majalisa ba ta faɗaɗa yafiyar ga kowa ba, sai ta soke ta gaba ɗaya a 2019.

Mata fa?

Ba dole a kansu. Tun 1995 mace mai shekara 18 zuwa 29 na iya neman shiga da kanta, ta yi horo ɗaya da maza a kowace runduna. Tana da 'yan makonni a farko da za ta iya fasawa ba tare da bayani ba. In suka wuce, dokar da ke kan maza ta hau kanta, har da zama cikin ajiya.

Musulmi zai iya riƙe addininsa a bariki?

Musulmi sun daɗe a rundunar. Tatar ɗin Finland, wata ƙaramar al'ummar Musulmi da ta kafa ƙungiyarta ta addini a 1925, sun yi yaƙin 1939 tare da kowa. Ana ba da abinci marar naman alade ga wanda ya rubuta hakan a takardar tambayoyi, ya kuma maimaita ranar shiga. A kula da ranar Alhamis: al'adar sojojin ƙasar ce a ci miyar koren wake da fanke, kuma miyar da naman alade ake yin ta, sai an nemi ta daban. Wajen rantsuwa akwai zaɓi biyu, rantsuwar addini ta Kirista ko alƙawari da mutuncin kai wanda babu addini a ciki, kuma darajarsu ɗaya.

Azumi ne ke buƙatar shiri. In Ramadan ya faɗo a tsakiyar shekara, rana ba ta faɗuwa sam a arewacin ƙasar, wajen barikin Sodankylä, a kudu ma daren 'yan awanni ne. A hunturu kuma yinin gajere ne amma sanyi na iya wuce digiri 20 ƙasa da sifili ana atisaye a daji. Tunda akwai shiga ta Janairu da ta Yuli, yana da kyau yaro ya duba kalanda, ya tambayi malaminsa hukuncin, ya faɗi lokacin da ya fi so gaban kwamiti, sannan ya yi magana da shugaban rukuninsa tun makon farko kan lokutan salla.

Ɗana yana da fasfo biyu, kuma a Najeriya ya tashi. Za a neme shi?

Sunansa na cikin jerin, saboda haka kada a yi shiru. Wanda ke zaune a waje ba sai ya je ranar tantancewa da kansa ba. Ana aika takardar tambayoyi da shaidar likita ta ofishin jakadanci, kuma Finland na da ofishi a Abuja. Mai ƙasa biyu da ya shafe shekara bakwai na baya-bayan nan a wajen Finland ana ɗauke masa a lokacin zaman lafiya, amma in ya koma can da zama kafin ya cika 30 ana iya kiransa. Haka wanda ya yi aƙalla wata huɗu na aikin sojan dole a ɗaya ƙasar tasa yana iya neman a ɗauke masa.

Kada a ɗauka takardar bautar ƙasa ta Najeriya za ta tsaya a wannan matsayi. Najeriya ba ta da aikin soja na dole. Shirin bautar ƙasa da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973 bayan yaƙin basasa na waɗanda suka gama jami'a ko babbar difloma ne, maza da mata, shekara ɗaya, kuma manufarsa haɗa kan ƙasa. Faretin mako uku da ake yi a sansani bai mai da shi aikin soja ba. Mai wannan hali ya rubuta wa ofishin soja na yanki ya karɓi amsa a rubuce.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi fasfon kansa. Mai ƙasa biyu da bai yi zaman shekara bakwai a Finland ko maƙwabtanta na arewacin Turai ba yana iya rasa zama ɗan ƙasar ranar da ya cika 22, sai in tsakanin shekara 18 da 21 ya karɓi fasfo ko katin shaida, ko ya sanar a rubuce cewa yana son riƙewa, ko ya yi aikin soja ko hidimar farar hula.

In an gama, shi ke nan?

Ga soja, a'a. Yana komawa cikin ajiya, kuma ana iya kiransa atisayen tunatarwa: har kwana 80 jimilla ga sojan gama-gari, 150 ga mai aiki na musamman, 200 ga shugabanni da hafsoshi. Takardar kiran na zuwa watanni kafin lokaci, mai aiki dole ya sake shi, ana kuma biyansa kuɗin kwanakin. Shekara 60 ce ta daɗe tana zama iyakar wajibcin, sai a 2025 gwamnati ta kai wa majalisa ƙudurin ɗaga ta, aka mai da ita 65 daga farkon 2026.

Mai hidimar farar hula ba a kiransa atisaye a lokacin zaman lafiya. Doka ta hana a nuna masa bambanci wajen ɗaukar aiki, kuma a yawancin ayyuka ba mai tambaya. Ƙofofin da ke rufe masa su ne waɗanda sharaɗinsu horon soja ne: makarantar hafsoshi, aikin tsaron iyaka, da tafiya aikin kiyaye zaman lafiya a matsayin soja. Mai sha'awar ɗaya daga cikin waɗannan ya san haka kafin ya sa hannu a takardar.